Rufin Jif ɗin Malam Nasiru

Ku matasan da kuke zama a bakin rumfata kuna cewa aikin tamfol ai ɗinki ne kawai, duk wanda ya iya taka keke ya gama, ina jin ku. Ba na musu da ku, domin ba ku tarar da motocin da muka yi wa aiki ba. Yanzu kowace mota da rufinta na ƙarfe, mai a-kori-kura kuma ya sayi shuɗiyar leda ya ɗaure da igiya, in ta yage ya yar ya sayi wata. A lokacinmu rufin yadi ne a kan jif-jif ɗin malaman gona da na asibiti, da a-kori-kurar da ke jigilar 'yan kasuwa tsakanin Anka da Gummi. In damina ta faɗi, wurina ake kawo su, ni Garba Mai Tamfol, kuma ɗinki shi ne abu mafi sauƙi a cikin aikin.

Aikin farko da aka ba ni a Gummi wanki ne. Maigidana Baba Mamman baduku ne, gadon gidansu, ya bar jakar fata da kayan sirdi ya koma tamfol da motoci suka yi yawa. Ya shimfiɗa mini rufin wata a-kori-kura a ƙasa, ya ba ni buroshi da ruwa zalla, ya ce kada sabulun gari ya kusance shi, don yana cinye maiƙon da ke kare yadi. Na daɗe ina wanki da shanya kafin ya bari na taɓa basilla. Da ya bari, sai ya nuna mini zare. Zaren auduga muke ɗinki da shi, a murza shi da kakin zuma. In ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura ya toshe ramin da basilla ta huda. Zaren roba ya fi shi ƙarfi, amma ba ya kumbura, kowane rami ya zama ƙofa. Kayan aikin ba su da yawa: basilla manya da ƙanana, almakashi, alli, wata fata da ake ɗaurawa a tafin hannu don tura basilla, tsohon keken ɗinki mai nauyi, da buta. Butar nan kuwa ta fi keken aiki.

Wata rana wani direba ya kawo motarsa yana faɗa, wai ruwa yana zuba daidai kan fasinjan da ke zaune a tsakiya, ya kai wa mutum biyu sun yi faci a wurin, bai daina ba. Na ɗauko alli zan zana inda ya nuna. Baba Mamman ya riƙe hannuna.

"Garba, ruwa ba shi shiga inda shika ɗiga. Shiga ciki ka zamna."

Na shiga na zauna. Shi kuma ya cika buta, ya fara zubawa daga can ƙasa, a gefen ƙofa, ya tsaya ya jira. Ya ɗan hau sama, ya zuba, ya jira. In ka fara daga sama, ruwa ya wanke ko'ina, ba za ka san ta ina ya shiga ba. Sai da ya kai kusurwar baya ta hagu na ga danshi ya fito, ya bi ƙarfen da ke tallafe da rufin kamar tururuwa, ya yi tafiyarsa har tsakiya, sannan ya ɗiga. Ramin yana nesa da facin da kusan tsawon mutum. Ran nan ne kuma ya faɗa mini kada in taɓa jiƙaƙƙen tamfol daga ciki da yatsa, domin duk inda ka taɓa, ka kira ruwa ke nan.

Haɗin da muke shafawa kakin zuma ne da kyandir da kananzir. Kakin a kasuwar Bukkuyum nake saye, wurin masu zuma, in tace shi da ƙyalle don ƙafar ƙudan zuma ma tana barin rami. A narkar da su a gwangwani, gwangwanin a cikin tukunyar ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba. In sun narke a sauke, a yi nesa da murhu, sannan a tsiyaya kananzir ana juyawa. A shafa a kan yadin da ya bushe ƙayau, siriri, a bi da shi cikin ɗinki, a shanya. Rana ce ke ƙarasa aikin, ita ke narkar da kakin ya shige cikin saƙar. In ka yi gaggawa ka naɗe shi da ɗanyensa, zai manne, ya yi fumfuna, ya yi wari.

Ba kowane yadi ne ke son wannan haɗin ba. Bayan na buɗe rumfata a Anka, da siyasa ta dawo, wani ɗan takara ya sayo wata doguwar mota daga Kwatano, irin wadda ake naɗe rufinta ya kwanta a baya, don ya riƙa tsayuwa yana ɗaga wa jama'a hannu. Da ruwan farko ya sauka, kujerunta suka jiƙe sharkaf. Na duba bakin yadin na ga hawa uku ne, akwai roba siririya a tsakiya. Da na shafa kananzir da ya cinye robar, rufin ya tashi aiki. Ashe ma lafiyar yadin ƙalau. Irin waɗannan motoci suna da nasu indararon, wasu ƙananan ramuka a gefe inda ruwan rufi ke bi ya fita ta ƙasa, ƙasa da ganyen darbejiya ne suka toshe su. Na zura waya na buɗe, na yanka tsohon tiyub na manna da sholisho a bakin gilashi inda robar ta bushe ta tsage, na goga kaki zalla a kan ɗinki. Shi ke nan.

Shekarar da mai ya yi wuya ita ce muguwar shekara a wannan sana'a. Motoci suka kwanta a tasha, direban da bai samu na fetur ba ina zai tuna da rufi. Kananzir ya ɓace, wanda ake samu kuma gauraye yake, ba za ka yarda ka kai shi kusa da zafi ba. Na rufe keke da buhu, na koma ɗinkin mangalar jaki da facin buhunan gero a bakin kasuwa. Baba Mamman a shekarar ya koma gona, bai sake dawowa rumfa ba. Da mai ya samu, sai ga ledar nan ta shigo, rabin masu a-kori-kura ba su waiwaye mu ba.

Aikin da nake so ku ji shi ne na jif ɗin Malam Nasiru. Bayan wannan shekara ne da 'yan damuna, tsakiyar marka, lokacin da rana kan yi kwana da kwanaki ba a gan ta ba. Malam Nasiru ɗan gidan malamai ne daga wani ƙauye a yankin Gwashi, yana aiki a Ikko, ya zo gida da wata ƙaramar jif mai rufin tamfol. Ya tsaya a bakin rumfata da hantsi, rigarsa jiƙe ta baya, ya yi sallama.

"Malam Garba, wagga mota nika so ta bar zuba, kuma da gaugawa."

Na ce masa kowa da gaggawa yake zuwa. Sai ya zauna a kan benci ya ba ni labari. Mahaifinsa ya rasu ya bar ɗaki guda na littattafai, rubutun hannu, wasu na kakansa, wasu na kakan kakansa, duk a cikin gafaka, wato jakunkunan fatar da ake adana su. Ɗakin na ƙasa ne, marka ta cinye gindinsa, bango ya tsage har hannu yana shiga. Ƙanen mahaifinsa, Kawu Liman, yana nan Anka da ɗaki mai rufin kwano, ya ce a kawo. Babbar mota ba ta shiga hanyar a wannan lokaci. Jaki zai iya, amma tafiyar yini ce a fili. Jif ɗin nan kaɗai ta rage.

Na ce, "To a naɗe su a leda mana."

Ya ce ya kawo wannan shawara, mahaifiyarsa ta ƙi. Ta ce an taɓa naɗe wani littafi a leda da damina, ya yi gumi a ciki, tawadar ta narke, shafi ya manne da shafi. Tawadar gargajiya ce, ruwa kaɗan ya ishe ta. Kuma ta ce inda littattafan suka shiga nan za ta shiga, ba mai raba ta da su a hanya.

Na sa shi ya zauna a ciki, na ɗauki buta. Rufin tamfol ne na gaske, mai kauri, amma rana ta Ikko da sabulun masu wankin mota sun cinye maiƙonsa, ruwa yana shiga saƙar kamar tsumma. Ɗinkin tsakiya da zaren roba aka yi shi. Zif ɗin tagar baya ya rabu da yadi. Na ce masa zan warware in sake ɗinki, in shafa kaki, amma sai an samu rana.

Ya ɗaga kai ya dubi sama. Gajimare ne baƙi daga gabas har yamma.

"Bangon ba shi jiran rana, Malam Garba."

Na cire rufin, na warware ɗinkin duka, na sake bin sa da zaren auduga, ina ƙoƙarin mayar da basilla cikin tsofaffin ramuka don kada in ƙara sababbi. A kan ɗinkin tsakiya na ɗora wani siririn yanki na rufe shi. Wannan ya ci yinin. Saura bushewa, kafin shafi da bayan shafi. Wani ya ce a hura gawayi a kasko a ƙarƙashinsa. Na ce wanda yake son ganin gobara ya kai garwashi kusa da kananzir. Sai na tuna da gidan burodin da ke bayan tasha. Suna gama gashi da safe, su kwashe wuta, amma bangon tandun yana riƙe zafi har la'asar. Na je na roƙi mai gidan. Ya ce in dai littattafan malamai ne, in zo da rufin. Muka ɗaura igiya a ƙarƙashin rumfarsa, muka rataye rufin kusa da bangon, ba ya taɓa shi. Ina shafawa, zafin yana shigar da kakin, ina juya shi kamar mai gashin nama. Kashegari ma haka. Da na watsa masa ruwa na ga ya dunƙule yana gangarowa kamar a kan ganyen gwaza, na ce a ɗora.

Na sake bin motar da buta tun daga ƙasa har sama, Malam Nasiru yana ciki, bai ga ɗigo ba. Saura warin kananzir, sai na ɗinka farin yadi ta ciki ya zama shamaki. Ya ce in faɗi abin da zai ba ni ya tafi. Na ce tare za mu, domin buta daban, ruwan sama daban, ina so in gani da idona. Na ɗauki basilla da zare da dunƙulen kaki na sa a aljihu.

Mun isa ƙauyen kafin azahar, ba ruwa. Na ga ɗakin. An tokare bangon da itace ta waje, ciki kuma warin danshi. Mahaifiyar Malam Nasiru, kowa Inna yake ce mata, 'yar tsohuwa ce siririya, ita ke karantar da matan unguwar. Tana tsaye a ƙofa, kowace gafaka aka fito da ita sai ta shafa ta, ta faɗi mai ita: wagga ta Malam ce, wagga ta Malam Babba. Muka cire kujera ɗaya ta baya, muka shimfiɗa katako da tabarma don kada danshin ƙasa ya taso, muka jera su har kusan rufi. Na ce a bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da yadin. Inna ta dube ni.

"Kai ne mai rufin?"

"Ni ne, Inna."

"To Allah shi yi ma albarka. Ka tabbata?"

Na ce, "Na yi iyakar abin da na sani, saura na Allah."

"Haka aka cewa," in ji ta. Ta shiga baya, ta zauna a ɗan wurin da ya rage a gefen dama, gafakoki a jikinta, wasu biyu a cinyarta.

Ruwan ya tare mu muna gab da wani rafi da muka haye da safe ruwansa bai kai gwiwa ba. Yanzu ya cika ya batse, ja wur, yana tafe da itatuwa. Wasu Fulani da shanunsu suna tsaye a gefe, suka ce ko su ba za su shiga ba sai ya faɗa. Malam Nasiru ya hau wani ɗan tudu ya kashe mota. Daga nan aka saki ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ƙarar ruwa a kan yadi.

Ni dai idona yana sama. Na bi ɗinkin tsakiya, a bushe. Na bi zif, a bushe. Can sai na ga rufin ya fara yin ciki a tsakanin ƙarafa biyu, ruwa ya taru ya yi tafki daidai saman littattafan. Malam Nasiru ya miƙa hannu zai tura shi sama. Na ce kada ya taɓa. Na tuɓe riga, na fita cikin ruwan, na kama igiyar gefe na ja da ƙarfi na sake ɗaurewa, yadin ya miƙe, tafkin ya kwararo a kaina. Sai da na fita haka ba sau ɗaya ba, domin jiƙaƙƙen tamfol yana saki. Ƙarshe na daina shiga gaba ɗaya don kada in riƙa kai ruwa ciki da jikina, na tsaya a jikin motar ina zagayawa. Wani dattijo cikin Fulanin ya cire malfarsa ya kifa mini a ka.

Duk lokacin da na leƙa ta taga na ce, "Inna, lafiya?" sai ta ɗaga hannu ta ce, "Lahiya lau, ɗana." Tana ta jan tasbaharta.

Sai bayan la'asar ruwan ya tsagaita, rafin ya ɗan faɗa. Fulanin suka fara shiga da sandunansu suna nuna mana inda ƙasa take da ƙarfi, muka bi bayansu a hankali, ruwa yana lasar gindin ƙofa. Muka haye. Mun shiga Anka ana shirin kiran magariba.

Kawu Liman yana ƙofar gida da mutanensa. Aka yi layi ana miƙa gafakoki hannu zuwa hannu har cikin ɗaki. Ya zauna a kan buzu, ya ɗauki wadda ta fi kusa da rufi ya kwance, ya zaro takardun yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Sun yi ja don tsufa, baƙin rubutu da jan wasali, ko'ina a bushe. Ya buɗe ta biyu, ya buɗe ta uku. Ya ce, "Alhamdu lillahi," ya sa aka kira ni ya yi mini addu'a. Ɗakin can na ƙauye kuwa bai kai Juma'a ba ya zube, amma wannan daga baya muka ji.

Inna ba ta yarda ta sauka ba sai da aka fitar da gafaka ta ƙarshe. Malam Nasiru ya kama hannunta ta fito. A nan na ga mayafinta. Daga kafaɗar dama har zuwa ƙugu ya jiƙe, ya manne a jikinta, tana ɗan rawar sanyi. Na leƙa inda ta zauna. Ba daga yadin ba ne. Ƙarfen da ya tashi daga bayan ƙofa yana da wani ɗan ramin tsatsa a ƙarƙashin roba, wanda ruwan buta bai kai ya cika ba, amma ruwan saman nan ya cika shi. Daga nan yake ɗiga, kuma in da ba kowa a wurin, a kan gafakokin gefe zai sauka. Ita ta gan shi tun farko, ta gyara zama, ta sa kafaɗarta.

Na ce, "Haba Inna! Ina ta tambayarki. Don me ba ki faɗa ba?"

Ta ce, "In na hwaɗi, mi za ka yi? Ka buɗe ƙohwa cikin ruwa ka nemi rami?" Ta matse bakin mayafin, ruwa ya tsiyaya a ƙasa. "Ni in na jiƙe ina bushewa, ɗana. Su ba su bushewa."

Ta juya wajen matan gidan ta ce a ɗora mata ruwan zafi, kuma a ba mai rufi tuwo tukuna, don shi ya fi kowa shan ruwa.